Kafin ka ƙirga kuɗin laftof, ka nemi kujera ka zauna

Laftof ɗina na farko da kuɗin adashi na saya. Na shiga shagon da magana ɗaya a bakina: "Core i7 nake so." Mai shagon ya sauko min da wata baƙa mai ƙyalli, ga tambarin i7 manne a gefen kibod, ya kunna ta, Windows ta buɗe, ya ce, "Yallaɓai, wannan 'yar London ce, ko wata uku Baturen bai yi da ita ba." Ban yi minti goma a shagon ba na biya na fito. Sai da na kai gida na gane cewa idan aka zare caja, batirin ba ya kai rabin awa. Bayan mako biyu wani abokina mai gyara ya duba ta, ya nuna min lambar da ke bayan i7 ɗin: 3520M. Ya ce min wannan furosesa, wato na'urar da ke yi wa kwamfuta lissafi, ta shekarar 2012 ce, kuma ƙwaƙwalwa biyu kacal gare ta, wato sassan da ke raba aikin a cikinta. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, domin kuɗin nan wata goma na yi ina zubi kafin kwasata ta zo.

Shi ya sa da ƙanwata ta samu gurbin karatu a jami'a, Baba ya damƙa min kuɗi ya ce in samo mata kwamfuta, na ɗauki abin da muhimmanci. Na ware yini guda, na saka filas ɗina a aljihu, muka nufi titin Beirut ni da ita. Duk mai sayen waya ko kwamfuta a Kano ya san ko can ko Farm Centre, kamar yadda mutanen Legas suka san Computer Village a Ikeja.

Tun a cikin adaidaita ta fara: "Yaya, ƙawayena sun ce i7 ta fi." Na ce mata haka ni ma aka gaya min a da. Kalmar i3, i5 da i7 matsayi ne kawai a cikin zubi ɗaya, kamar a ce ƙarami, matsakaici da babba a ɗaki guda. Abin da 'yan kasuwa ke kira jenareshan, wato zubin da furosesar ta fito a ciki, shi ne ke gaya maka shekarunta. Yana nan a lambar farko bayan ɗan layin. Idan ka ga i5-6300U, zubi na 6 ce. Idan ka ga i5-8350U, na 8 ce. Daga na 10 zuwa sama lambobi biyu ne na farko za ka karanta. A zubi na 8 ɗin nan ne Intel ta mayar da irin waɗannan i5 na laftof masu ƙwaƙwalwa huɗu maimakon biyu, don haka i5 ta zubi na 8 tana wuce tsohuwar i7 ɗina nesa ba kusa ba.

Akwai wani dalilin da ya sa na kafe a kan na 8. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na 8 take farawa, sai 'yan kaɗan daga na 7. Masu gyara suna da dabarar cusa ta a kan tsofaffin kwamfutoci, kuma tana tashi, shi ya sa ganin Windows 11 a sikirin ba hujja ba ce cewa kwamfutar ta zamani ce. Yarinyar nan shekara huɗu za ta yi a makaranta in Allah ya yarda. Ba zan saya mata abin da tun ranar farko a kan dabara yake tafiya ba.

Shago na farko muka ga HP EliteBook 840 G3 mai tsabta, amma zubi na 6 ce, muka wuce. A na biyu yaron shagon ya ƙi yarda in taɓa komai sai na biya, ya ce oga ya hana. Na yi masa godiya muka fita. A na uku muka samu wani dattijo mai haƙuri, ya fito da Lenovo ThinkPad T480 'yar zubi na 8, fentin gefenta ya ɗan goge, murfin da 'yan ƙarce-ƙarce. Ƙanwata ta ɓata fuska. Na ce, "Alhaji, a taimaka min da kujera, zan ɗan daɗe." Ya yi murmushi ya ce, "Bismillah, Malam, kayan da ba shi da aibi ba ya tsoron ido."

Abu na farko, na kashe ta gaba ɗaya na sake kunnawa ina danna F1 don in shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi. A HP F10 ake dannawa, a Dell kuma F2. Yawancin kwamfutocin kwance daga ofisoshin Turai da Amurka suke fitowa, wasu kuma suna zuwa da kalmar sirrin da ma'aikatar ta saka ta manta ba ta cire ba. Idan ta tambaye ka kalmar sirri a nan kuma mai shago bai san ta ba, ajiye ta kawai, ko nawa aka rage maka. Wannan ta buɗe ba gardama.

Sai batir, inda aka cuce ni a baya. Na buɗe Command Prompt, wurin da ake rubuta wa Windows umarni, na rubuta powercfg /batteryreport. Windows da kanta take fitar da rahoto, kuma layi biyu ne suka dame ni a ciki: ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake iya ɗauka yanzu idan ya cika. Ita T480 batir biyu gare ta, ɗaya a ciki, ɗaya a waje wanda ake zarewa da hannu. Na ciki ya nuna saura kusan kashi 80 cikin ɗari, na wajen kuwa bai kai rabi ba. Na juya sikirin ɗin na nuna wa Alhaji. Bai yi musu ba, ya aiki yaro ya ɗauko wani batirin, muka sake gwadawa, wannan ya haura kashi 85. A garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, ɗalibar da ke zaune a hostel batir ne rabin kwamfutarta.

Daga filas ɗina na kunna wata ƙaramar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, wadda ke nuna lafiyar ma'adanar bayanai da adadin awannin da ta yi tana aiki tun da aka ƙera ta. A nan ne labarin "wata uku Baturen ya yi da ita" ke ƙarewa, domin awanni ba sa ɓuya. Ma'adanar SSD ce, wato irin mai saurin nan, mai 256GB, lafiyarta kalau. Ƙanwata ta ce ta ga wata a shagon baya mai 1TB, me ya sa za mu ɗauki ƙarama? Waccan HDD ce, mai faifai da ke juyawa a ciki, gudunta bai fi kashi ɗaya cikin biyar na SSD ba, kuma faɗuwa ɗaya daga kan gado tana iya tafiya da duk aikin da ke cikinta. Na gwammace ƙaramin ɗaki mai ƙofa a buɗe. Ram ɗin, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, 8GB ne, kuma akwai gurbi na biyu a ciki, duk ranar da aka samu hali sai a ƙara.

Sauran gwajin na ƙanwata ne. Na sa ta buɗe Notepad ta danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ta cika sikirin da farin hoto sannan baƙi don mu ga ko akwai tabo, ta soka filas a kowace kafa, ta gwada kyamara da sifika. Ni kuma na buɗe murfin na rufe sau da yawa ina sauraron maƙalarsa, sannan na sa tafin hannu a bakin fanka bayan bidiyo ya yi minti goma yana tafiya. Kwamfutar da ke huci a cikin shago mai fanka, ban san yadda za ta yi da zafin watan Afrilu ba, ga ƙurar hunturu da ke toshe mata hanci.

A kan caja ne kawai muka ɗan ja da Alhaji. Wadda yaron ya haɗo mana ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar fankon ashana. Jabun caja na sa linzamin kwamfuta ya riƙa tsalle shi kaɗai idan an jona ta, kuma ranar da aka kawo wuta da ƙarfi ko janareta ya yi tari, ba ta da abin da za ta kare kwamfutar da shi. Na ce a ba ni tsohuwa ta asali mai wat 65, ko da wayarta ta sha naɗi, na fi son ta a kan sabuwa ta bogi. Ya ce sai na ƙara wani abu. Na ƙara, ban yi ciniki ba.

Da za mu tashi ƙanwata ta hango filas a cikin gilas, an rubuta 1TB a jiki, kuɗinsa bai kai na mai 64GB na kirki ba. Na hana ta. Irin waɗannan an yi musu rufa-ido ne a ciki, kwamfuta za ta nuna maka babban wuri, alhali ainihin wurin kaɗan ne. Kana ta zuba kaya yana karɓa, sabo na taka tsoho, sai ranar da ka zo buɗe aikinka ka tarar da shi a lalace. Manhajar H2testw tana tona asirinsu, sai dai tana cin lokaci, don sai ta cika filas ɗin taf sannan ta karanta abin da ta rubuta.

Alhaji ya rubuta mana rasit da lambar jikin kwamfutar, da sharaɗin mako biyu idan wata matsala ta fito. Mun shafe kusan awa ɗaya a kan kujerar nan, har aka kira la'asar. A hanyar gida ta rungume jakar a ƙirji tana ta kallon ƙarcen da ke kan murfin, can ta ce, "Yaya, ina ake sayar da sitika? Zan rufe wurin nan."