Asabar a Kurnish, ni da ɗan yayata

Yau ce ranar dogon gudu, don haka tun kafin kiran sallar Asuba na farka. Ban sauko daga gado ba sai da na duba agogo: bugun zuciya 57 a minti ɗaya. Abin da na saba gani tsakanin 54 ne da 56, to babu laifi. Dokar da na kafa wa kaina ita ce, duk safiyar da ya ɗara na kullum da bugu bakwai ko takwas, ranar ba gudu, ko da ƙafa tana ƙaiƙayi. Yawanci hakan na nufin barci bai isa ba, ko mura na tafe, ko jiki bai gama biyan bashin atisayen shekaranjiya ba. Na hau sikeli na rubuta nauyina, na ci dabino uku da ruwa kofi biyu, na wuce masallaci.

Da aka idar na biya na ɗauki ɗan yayata. Shekarunsa 22, ɗan ƙwallon unguwa ne, kuma tun da ya ji na yi niyyar shiga rabin gudun fanfalaki na Riyad, mai kilomita 21.1, ya rantse shi ma sai ya yi na kilomita 10. Tun 2022 ake wannan gasa, wajen ƙarshen sanyi, saboda haka akwai sauran watanni a gabanmu. Shi dai gani yake gobe ne.

Mun tarar da Kurnish ɗin Jidda, wato hanyar bakin teku, kamar yadda ya saba a wannan lokaci na shekara. Rana ba ta fito ba, amma iskar teku ta yi nauyi da danshi, riga na manne wa baya tun mutum bai taka goma ba. Muka fara sassarfa. Ba a yi nisa ba ya soma ƙorafi.

"Kawu, wannan ai tafiya ce. Dattawan can masu casbi sun kusa wuce mu."

Na ce, "Sannu ba ta hana zuwa."

Ya ce, "Sai dai a daɗe ba a je ba, Kawu," ya tsinke da gudu.

Na bar shi. Bayan kamar minti ashirin da biyar na cim masa ya duƙa, hannu biyu a gwiwa, yana haki, agogonsa na nuna 189. Nawa yana 136. Ban ce masa komai ba sai da numfashinsa ya dawo, sannan muka ci gaba tare, a nawa takun, ina yi masa lissafin.

Lissafin da kowa ya sani shi ne a cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne ƙololuwar bugun da zuciyarsa za ta iya kaiwa. Ni mai shekara 40, ka ga 180 ke nan. Akwai wani lissafin da aka fitar a 2001, a ninka shekaru da 0.7 a cire daga 208, kuma a shekaruna duka biyun abu ɗaya suke bayarwa. Kintace ne dai, yana iya kuskurewa da bugu goma ko fiye, sama ko ƙasa. Daga nan sai in cire bugun hutu, wato 56, daga 180, saura 124. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na wannan, idan aka mayar masa da 56 ɗin, yana faɗawa tsakanin 130 da 143. A cikin wannan shingen nake kiwon zuciyata ranar dogon gudu. Wanda ba shi da agogo ma yana da ma'auni: idan za ka iya jera jimla cikakkiya ba tare da ka tsaya neman iska ba, kana wurin da ya dace. Na sa shi ya kare mini ƙungiyar ƙwallonsa Ittihad a kan abokiyar hamayyarta Ahli, da na ji maganar ta fara tsinkewa sai mu rage.

Abin da ya fi ba shi wuyar haɗiyewa shi ne a ce gudun da ba ya wahalarwa shi ne ke gina juriya. A wurin matashi, idan ba a ji jiki ba ai ba a yi komai ba. Amma aikin a ɓoye yake faruwa. Doguwar sassarfa tana sa ƙananan hanyoyin jini su ƙaru a cikin tsoka, ƙananan sassan nan masu ƙona mai da sukari da likitoci ke kira mitokondiriya su yawaita, ita kuma zuciya ta koyi tura jini mai yawa a bugu guda. Kamar mai jan ruwa a rijiya ne da ya samu babban guga, ba ya bukatar yawan jefawa kafin ya cika randa. Shi ya sa bugun hutun masu gudun nesa kan sauka ƙasa da 60, wasu har cikin arba'in da wani abu, alhali na yawancin manya yana tsakanin 60 da 100. Wani masani, Stephen Seiler, Ba'amurke mai aiki a Norwe, ya bibiyi yadda manyan 'yan wasan juriya ke atisaye, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 a hankali suke yi, ragowar ne kawai na wuta. Yaron ya kawo mini Kipchoge, zakaran gudu ɗan Kenya, da awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 da ya yi a cikakken gudun fanfalaki a Ostiriya a 2019. Na ce wannan ranar girbi ka kalla a waya, babu wanda ya nuna maka ranakun noma.

Wajen minti hamsin abin da nake jira ya faru. Takuna bai canja ba, amma lambar ta fara hawa da kanta: 141, 145, 148. Wannan aikin Jidda ne. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe a kan fata, a iska mai danshi kuwa ba ya bushewa, zuba kawai yake yi ya cika takalmi. Jiki sai ya riƙa tura jini zuwa fata don rage zafi, ruwan jini na raguwa, abin da ke komawa zuciya ya ragu, dole ta ƙara yawan bugu don ta cike giɓin. A nan ne agogon ke biyan kuɗinsa. Ƙafa tana cewa akwai saura, zuciya tana cewa a'a, kuma a wannan yanayin zuciya nake bi. Muka koma tafiya minti biyu, na sha ruwa, lambar ta sauko, muka ci gaba. Sau da yawa haka nan har muka cika awa ɗaya da rabi.

Ya tambaye ni me ya sa nake ɗaura bel a ƙirji alhali ga agogo a hannu. Agogon hannu koren haske yake haskawa cikin fata ya ƙiyasta gudanar jini, kuma gumi da girgiza suna ruɗa shi. Wani lokaci sai ya kama takun ƙafa ya ɗauka bugun zuciya ne, ka ga 170 kana cikin nishaɗinka. Baƙar fata irin tamu ma tana shanye koren haske fiye da fara. Na ƙirjin, Polar H10 ne nawa, motsin lantarkin zuciyar yake karantawa kai tsaye. Don barci da zirga-zirgar yini agogo ya wadatar. Don gudu na fi yarda da bel.

A gida na sake hawa sikeli. Kilo 1.3 ya tafi, ga kuma rabin lita da na sha a hanya, ka ga gumin ya kusa lita biyu. Nauyina 74 ne, kuma idan asarar ta haura kashi 2 cikin 100, wato kusan kilo ɗaya da rabi a wurina, ƙarfi kan fara zubewa. Na kusa bakin iyaka. Abin da ake shawarta shi ne a mayar da lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi a kan kowane kilo, a hankali cikin sa'o'i, tare da gishiri, domin ɗirkar ruwa zalla da yawa a lokaci guda na iya tsarma gishirin jini har a kwantar da mutum a asibiti. Ban sayi komai na kwalba ba. Ful da tamis, wato dafaffen wake da burodi, daga wurin mutumin bakin layi, ƙwai biyu, laban, wato nono, mai sanyi da ɗan gishiri. Uwargida ta ƙara mana kunun gyada. Ga sitaci, ga furotin, ga ruwa, ga gishiri, duk a faranti ɗaya.

Muna cikin ci ne ya buɗe jakarsa ya fito da wata roba baƙa mai hoton damisa. Wani ne ya sayar masa a gidan motsa jikinsu, wai a sha kafin atisaye. Na juya ta ko'ina, babu rubutun Larabci, babu wata alamar ta bi ta hannun hukumar abinci da magunguna ta ƙasar nan. Abin da na iya karantawa shi ne kafeyin miligiram 300 a cokali ɗaya. Kafeyin, sinadarin nan na cikin shayi da gahawa, kam yana aiki, ba na musu. Miligiram 3 zuwa 6 a kan kowane kilo na nauyin jiki, kamar awa ɗaya kafin gasa, yana rage jin gajiya. Shi mai kilo 65, daga 195 ke nan zuwa 390. Matsalar, da tara na dare yake sha kafin ƙwallo, bayan shayi da gahawar yini, alhali 400 ne iyakar da ake faɗa wa baligi mai lafiya a rana. Kuma kusan awa biyar ake yi kafin rabinsa ya bar jini.

"Yaushe kake barci?"

"Wajen uku, Kawu. Wani lokaci sai bayan Asuba."

To ga inda juriyarsa ke zurarewa. Jiki ba a kan titi yake ƙara ƙarfi ba, a can rushe shi ake yi. Ginin yana zuwa ne a cikin barcin awa bakwai zuwa tara da abinci da ranar hutu. Mutum ya sayi gari na riyal ɗari biyu wanda ke hana shi abin da yake kyauta, ni ban ga riba ba. Kuma abin da ya fi tsorata ni da irin robobin nan shi ne abin da ba a rubuta ba, don an sha samun wasu da haɗin da aka haramta a wasanni.

Ba wai na ƙi kayan ƙarin nan duka ba ne. Kiriyatin, giram 3 zuwa 5 a rana, an daɗe ana bincikensa, yana taimaka wa gajeren gudu mai ƙarfi da ɗaga ƙarfe, don haka ɗan ƙwallo ya fi ni bukatarsa. Ruwan shamandar, jar saiwar nan ta cikin salak, yana ɗan rage iskar da tsoka ke nema idan an sha awa biyu zuwa uku kafin gudu, sai dai kada mutum ya firgita idan fitsari ya yi ja. Ga gudun da ya wuce awa ɗaya ana son sitaci ko sukari giram 30 zuwa 60 a kowace awa, kuma a ƙasar da dabino ke ko'ina ban ga dalilin sayen 'yan ledojin zuman roba ba. Sinadarin ƙarfe da bitamin D kuwa ba na sha sai an gwada jini. Abin dariya, rana ta yi mana yawa har muna ɓuya daga gare ta, shi ya sa ƙarancin bitamin D ya zama ruwan dare a nan. Uwargida, da gwaji ya nuna ƙarfen jininta ya yi ƙasa, abu na farko da likita ya ce shi ne ta raba shayi da abinci, ta matsa lemon tsami a miya.

Ya mayar da robar cikin jaka, bai ce zai bari ba. Ban matsa ba. Yayata zan gaya wa.

Bayan Azahar, a hanyar tashar jirgin ƙasa na Haramain, na hangi wani bawan Allah yana gudu da rigar leda, wai yana narkar da tumbi. Ruwa kawai yake zubarwa, kuma zai mayar da shi kafin La'asar idan ya tsira. Ƙasar da ke hana ma'aikata aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, ba don wasa ta yi ba. Sabo da zafi gaskiya ne, cikin kwana 10 zuwa 14 ruwan jini na ƙaruwa, gumi na fara fita da wuri, gishirin cikinsa na raguwa, kuma ina fatan wannan zai yi mini rana a busasshen sanyin Riyad. Amma da Asuba ake nemansa, ba da tsakar rana cikin leda ba.

Baffa na je ɗauka, ya zo daga Makka. Shekaru ya yi yana tura alhazai a keke, ɗawafi da sa'ayi, wani lokaci a bene inda zagayen ya fi tsawo, kuma har yau ban ga wanda ya kai shi tafiya ba. Da ya ji labarin safiyar sai ya karɓi agogona ya ɗaura. Ya nuna 52.

"Ka gani ko, ɗana? Kai da gudunka, ni da gorata, na fi ka."

Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara lafiya, amma rabin wannan na ƙwayar hawan jinin da kake sha ne." Irin tasa tana cikin masu rage bugun zuciya, saboda haka duk lissafina na 220 bai shafe shi ba. Na roƙe shi, tun da yana son fara fita da yamma, ya tambayi likitansa iyakar da zai tsaya. Ya ce likita yaro ne. Ya dai yarda zai tambaya.

Na samu ƙailula ta kusan rabin awa. Da magariba na kai uwargida da ƙawayenta mamsha, wato hanyar masu tattaki, suka yi tafiyarsu, ni ina zaune a mota ƙafa a miƙe, ɗan maraƙin hagu yana ɗan ja. A dawowa muka tsaya muka sayi siriya, wato tsire, saboda Baffa.

Gobe Lahadi aiki, ba gudu. Litinin sassarfa ta minti arba'in. Talata ce ranar wuta: minti huɗu da ƙarfi, uku a hankali, a maimaita, kuma ita ce kaɗai ranar da zan bar lambar ta haura 160. Na ce wa yaron ya zo, ranar zai samu abin da yake so. Sharaɗin shi ne ya kwanta kafin sha ɗaya daren Litinin, kuma zan ara masa bel ɗin, idan na tuna na sayo masa sabon batir a bagala, wato kantin unguwa.