Zanen iskar CFC-11 da nake yawan komawa in duba

Akwai wani zane a shafin NOAA, hukumar Amurka mai lura da teku da sararin samaniya, da na saba leƙawa duk bayan 'yan watanni. Layi ne da ke nuna yawan iskar CFC-11 a sararin samaniya tun daga ƙarshen shekarun 1970. Ya yi ta hawa har wajen 1994, inda ya kai kusan kashi 270 cikin tiriliyan, daga nan ya karya kwana ya fara gangarowa a hankali, yanzu ya sauko ƙasa da 220. Ranar da na fara zama da shi sosai, rula na ɗauko na ɗora a kan fuskar kwamfuta, na daidaita ta da gangaren shekarun 2002 zuwa 2012. Layin ya bi bakin rular tsaf. Da na matsa gaba da 2012 sai ya ɗago kaɗan ya rabu da ita, tazarar ba ta fi kaurin farce ba. Na daɗe ina kallon wannan 'yar tazara, domin na san abin da ke bayanta.

Bari in ɗan koma baya saboda wanda bai san labarin ba. Can sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35, akwai rufin ozon da ke tare mana mafi munin hasken ultrabayolet, wanda ke jawo sankarar fata da yanar ido, yana kuma cutar da shuke-shuke. Iskokin CFC kuwa ɗan Adam ne ya ƙirƙiro su, aka yi ta zuba su a firiji da na'urar sanyaya ɗaki da gwangwanin feshi da kumfar da ake cusawa a bango don tare zafi. Ba sa kamawa da wuta, ba su da guba, ba sa ruɓewa, kuma rashin ruɓewar nan ita ce masifar. Sai su yi ta yawo shekara da shekaru har su isa can sama, rana ta farfasa su, kulorin ya fito. Ƙwayar kulorin ɗaya tana iya lalata dubban ƙwayoyin ozon kafin ta bar wurin. Mario Molina da Sherwood Rowland ne suka bayyana haka a 1974, aka kuma ƙulla yarjejeniyar Mantiriyal ta taƙaita ƙera waɗannan iskoki a ranar 16 ga Satumba 1987.

Su waɗannan an san sunayensu, har sun karɓi kyautar Nobel a 1995. Ni waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne masu awo. A 1971 James Lovelock ya shiga jirgin ruwa da wata 'yar na'ura da ya ƙera da kansa, ya nufi Antatika yana gwada iska a hanya, ya tarar da CFC-11 a duk inda ya gwada, har tsakiyar teku. Shi kansa a lokacin ya ɗauka ba ta da wata illa, amma lambobinsa ne suka sa Rowland ya fara tambayar ina iskar take ƙarewa. A tashar Halley da Birtaniya ta kafa a Antatika kuwa, tun shekarun 1950 ake auna ozon a cikin sanyin da ba ya misaltuwa. Da Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin suka sanar da ramin ozon, wato mummunar raguwar ozon a saman Antatika, a 1985, abin da ya ba maganarsu nauyi shi ne kusan shekara 30 na awo da suke da shi a hannu. In ba ka san yadda abu yake jiya ba, da me za ka gane ya canza yau?

Akwai wani aiki da ake yi a Cape Grim, a gaɓar tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, da nake so mutane su sani. Ana jiran iska ta kaɗo daga kudu maso yamma, wadda ta ratso dubban kilomitoci na teku ba ta taɓa wani gari ba. Sai a matse ta cikin tulun ƙarfe, a rufe, a rubuta kwanan wata, a ajiye. Tun 1978 suke haka. Ke nan in yau aka gano wata sabuwar iska mai haɗari, ana iya buɗe tulun shekarar 1980 a gwada a ga ko tana nan tun lokacin. Wanda ya cika tulun farko bai san tambayar da za a yi masa ba, ya dai cika ya ajiye. Irin wannan haƙurin yana burge ni ƙwarai.

To, 'yar tazarar da na gani a bakin rula fa? Tun 2010 aka haramta ƙera CFC-11 a duk duniya, saboda haka kamata ya yi saukar ta ƙara sauri. Maimakon haka sai ta ragu da kusan rabi: daga kamar kashi 2 cikin tiriliyan a shekara zuwa kamar 1. Stephen Montzka na NOAA da abokan aikinsa suka yi ta bincike don su tabbatar ba na'ura ce ta yi kuskure ba, ba kuma sauyin kaɗawar iska ba ne kawai. A 2018 suka fito suka ce ana sakin ƙarin kimanin tan 13,000 a shekara, kuma alamu na nuna gabashin Asiya. A 2019 awon tashar Gosan da ke tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu da na Hateruma a Japan ya nuna cewa kimanin tan 7,000 daga gabashin ƙasar Sin yake fitowa, musamman lardunan Shandong da Hebei, inda ake zargin masu haɗa kumfar bango. Hukumomin ƙasar suka matsa, kuma awon 2019 ya nuna fitar iskar ta koma kusan yadda take a da. A takarda kowace ƙasa ta ce ta daina, iskar ce ta tona asiri.

Abin da ke damuna shi ne sauran. Tan 7,000 kusan rabin ƙarin ne kawai, ɗaya rabin ba a iya nuna inda ya fito ba, saboda babu tashoshi a wuraren da za su nuna. Tashoshin AGAGE, wata ƙungiyar masu auna iskokin sararin samaniya, irin su Mace Head a Ayalan, da Ragged Point a Barbados, da Jungfraujoch a kan tsaunukan Suwizalan, suna ganin abin da iska ta kawo musu ne daga maƙwabta. Manyan yankuna na Afirka da Amurka ta Kudu da kudancin Asiya ba su da isassun masu sa ido, ko da yake an kafa tasha a dutsen Mugogo na Ruwanda. Kuma tasha kuɗi take ci kullum ba tare da wani labari mai daɗin ji ba, shi ya sa in an zo rage kasafi ita ake fara kallo. Wannan babban kuskure ne a ganina. Shekarar da ba a auna ba ta tafi ke nan, ba a komawa a auna ta.

Aikin kuwa da sauransa. CFC-11 tana ɗaukar kusan shekara 50 a sama, CFC-12 kusan 100, kuma tsofaffin firiji da bangaye suna ci gaba da yoyon abin da ke cikinsu. Iskokin HCFC da suka maye gurbinsu sai a 2021 suka kai ƙololuwa suka fara sauka. Iskar naitiros oksaid, wadda yawancin abin da mutane ke saki daga harkar noma yake fitowa, musamman takin zamani da kashin dabbobi, ba ta cikin yarjejeniyar Mantiriyal, kuma ita ce yanzu kan gaba cikin abubuwan da ake saki masu cin ozon. Rahoton masana na 2022 ya ƙiyasta cewa rufin zai koma yadda yake a 1980 wajen 2040 a yawancin duniya, a saman Antatika kuwa sai wajen 2066. Mutanen da za su tabbatar da hakan a tashar Halley ko Cape Grim, da yawansu yanzu suna makarantar firamare.