Kafin ka karɓi aikin taya malami bincike

Idan malami a sashen nazarin halayyar ɗan Adam ya ce yana neman ɗalibin da zai taya shi bincike kan faɗa, kishi da zaɓen abokin aure, ka je. Da wuya a biya ka, yawanci ladanka wasiƙar shaida ce ranar da za ka nemi digiri na biyu. Kafin ka ƙwanƙwasa ƙofarsa, ka karanta binciken David Buss na 1989, wanda ya tambayi mutum sama da 10,000 a al'ummomi 37, har da Najeriya, abin da suke so a wajen miji ko mata.

Sai dai aikin ba hirar soyayya ba ce. Rabon takardun tambayoyi ne, da shigar da lambobi a manhajar ƙididdiga ta SPSS, da maimaita wa kowa bayani ɗaya ba ƙari ba ragi.

Dubi gwajin Dov Cohen da Richard Nisbett da aka wallafa a 1996. A Jami'ar Michigan, ɗalibi na wucewa ta wani lungu sai wani ya bangaje shi ya zage shi, daga baya a auna yawunsa. Sinadaran damuwa da na zafin nama sun fi tashi a jikin samarin kudancin Amurka fiye da na arewa. Mai bangazar nan, da shi aka shirya. Da ya ture wani da ƙarfi ya lallaɓa wani, da sakamakon ya tashi a banza.

Ni kuwa ina aji uku aka ba ni takardu kan kishi, aka ce kowa ya cike shi kaɗai, ya saka a ambulan ya liƙe. Na ga ɓata lokaci ne. Na kwashe su na kai ɗakin kallon ƙwallo na hostel. Tambaya ce irin "ka taɓa ɗaga wa budurwarka hannu?", ga aboki yana leƙen takardarka. Wasu suka yi cika baki, wasu suka zama waliyyai. Malam ya ga amsoshin sun yi kama, ya ce, "Malam, a ina aka cike waɗannan?" Na faɗa masa. Duka ya ware su gefe, aka sake daga farko.

Saboda haka ka nemi aji da babu kowa, ka miƙa takarda, ka ja da baya. Wanda ya bar tambaya babu amsa, bar ta haka, kar ka cike masa. In kuma ka gane rubutun wata 'yar ajinku, ka shigar da amsoshinta ka ja bakinka ka yi shiru, ko amininka bai kamata ya ji ba.