Abin da Takardar Gwajin Hanta Ta Koya Mini

A shekarata ta farko a sashen manya bayan kammala karatun likitanci na koyi karanta takardar gwajin hanta, kuma waɗanda suka koya mini su ne marasa lafiya biyu da wani babban likita wanda bai gaji da gyara mini kuskure ba.

Na farkon mutum ne mai kimanin shekara 40, wanda ya shigo da takardar sakamako a ninke gida huɗu, har ta yi laushi saboda yawan buɗewa da rufewa. An ja jan layi a ƙarƙashin lambobi uku, na sinadaran hanta da ake aunawa a jini, wato AST 168, ALT 74 da GGT 310, alhali a ma'aunin ɗakin gwajinmu bai kamata AST da ALT su wuce 40 ba. Ya ajiye ta a kan tebur hannunsa yana rawa, ya ce, "Likita, hantar ta ƙare ke nan?" Na ga lamba ɗaya ta ninka ƙa'ida sau huɗu, sai na ce masa hantarsa ba ta aiki yadda ya kamata, na rubuta a sake gwaji bayan wata guda, na sallame shi. Ban tambaye shi komai game da rayuwarsa ba, rawar hannun nan kuwa na gan ta amma ban ba ta wata ma'ana ba.

Da yamma babban likitan sashen yana duba fayilolin ranar, sai ya kira ni ya ce, "Likita, nuna mini inda takardar nan ta ce hantar ba ta aiki." Na ɗora yatsa a kan jan layin. Ya girgiza kai, ya janye yatsan nawa zuwa ƙasan takardar, inda aka rubuta albumin da bilirubin da tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, dukansu kuwa lafiya lau. Ya bayyana mini cewa ALT da AST sinadarai ne da mazauninsu ke cikin ƙwayoyin hanta, kuma ba sa yawa a jini sai ƙwayoyin sun ji rauni sun yoyo da su, saboda haka abin da suke nunawa shi ne ana cutar da hanta a halin yanzu. Aikin hanta kuwa ana ganinsa ne a abin da take ƙerawa da abin da take tacewa: ita ke yin furotin ɗin jini da ake kira albumin da sinadaran daskarar da jini, ita ke kwashe bilirubin, wanda idan ya taru yake rina ido ya zama shawara. Ya ba ni misalin da har yau nake amfani da shi, ya ce waɗannan lambobi kamar hayaƙi suke, suna gaya maka wuta na ci, amma ba sa gaya maka ɗaki nawa ya rage a gidan, kuma gidan da ya riga ya ƙone ƙurmus ba ya hayaƙi.

Daga nan ya sa ni na raba 168 da 74, aka sami fiye da biyu. A yawancin cututtukan hanta ALT ne ke gaba, domin shi kusan na hanta ne kaɗai, yayin da ake samun AST a tsoka da zuciya da jajayen ƙwayoyin jini, har ma motsa jiki mai tsanani kan ɗaga shi. Amma idan AST ya ninka ALT sau biyu ko fiye, GGT kuma ya hau tare da shi, to barasa ce ta farko da ake zargi. Wani likita ɗan Italiya, Fernando De Ritis, shi ne ya fara bayyana amfanin kwatanta waɗannan lambobi biyu a 1957, kuma har yanzu da sunansa ake kiran wannan lissafi. Daga cikin dalilan da ke sa barasa ta ɗaga AST sama da ALT akwai ƙarancin bitamin B6 da ake yawan samu a jikin mashaya, wanda ALT ya fi AST dogara da shi, da kuma ɓarnar da barasa ke yi wa sassan ƙwayar hanta masu samar da kuzari, inda AST ya fi yawa. Babban likitan ya kuma gargaɗe ni cewa barasa ita kaɗai ba ta cika kai waɗannan lambobi sama da 400 ba, don haka duk ranar da na ga sun shiga dubbai in nemi wani dalili, kamar gubar magani, ko sabon kamuwa da ƙwayar cutar hanta, ko ƙarancin jinin da ke isa hantar. Sannan ya tambaye ni, "Yaushe ya yi shan ƙarshe?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ban tambaya ba." Ya ce in kira mara lafiyan a daren nan.

Da safe mutumin ya dawo yana gumi, rawar hannun ta ƙaru, bai runtsa ba. Na rufe ƙofa, na zauna kusa da shi, na ce, "Malam, ba don in ga laifinka nake tambaya ba, maganin da zan ba ka ya dogara ne da amsarka." Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce ya shafe shekaru yana sha kullum, kuma tun da ya karɓi takardar nan tsoro ya kama shi ya daina gaba ɗaya. A nan na gane girman haɗarin da na sallame shi a cikinsa. Jikin da ya saba da barasa kullum yakan fara tawaye cikin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, da makyarkyata da gumi da bugun zuciya, ana iya samun jijjiga cikin kwana biyun farko, sannan tsakanin awa 48 zuwa 96 wasu kan faɗa cikin ɗimuwa mai tsanani da gane-gane wadda ke iya kisa. Mun kwantar da shi, muka ba shi maganin da ke kwantar da jijiyoyi ana rage shi sannu a hankali, da allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Tun daga ranar ban sake ce wa mai sha kullum ya daina nan take ba tare da na tsara masa yadda za a kula da shi a kwanakin farko ba.

Tambayar ita kanta sai da na koye ta. Idan aka ce wa mutum "Kana sha?" da murya mai ɗauke da hukunci, amsar da ake samu ita ce a'a, ko kuma "ɗan kaɗan". Idan aka tambaye shi kwana nawa a mako, da yawan abin da yake sha a zama ɗaya, da ko ya taɓa buƙatar sha da safe kafin hannunsa ya tsaya, gaskiya takan fito. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin tambayoyi 10 da ake kira AUDIT don wannan aiki, kuma na same shi da amfani ƙwarai, domin yana cire zargi daga bakin mai tambaya. Ita dai hukumar ta ƙiyasta cewa barasa ta jawo mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya a 2019, kuma a ganina da yawa daga cikin irin waɗannan mutane sun sha zama a gaban ma'aikacin lafiya ba tare da an yi musu tambayar yadda za su iya amsawa ba.

A hirar ce kuma mara lafiyan ya gaya mini yana shan farasitamol da yawa kowace safiya saboda ciwon kai. Hanta tana mayar da barasa wani sinadari mai guba da ake kira asetaldihaid kafin ta kashe dafinsa, kuma shan yau da gobe yana ƙarfafa wata hanya ta biyu a cikinta, wadda ita ce ke mayar da farasitamol guba, shi ya sa giram 4 a rana, wanda shi ne iyakar lafiyayyen babba, ke iya yi wa mashayi yawa. Mun kuma gwada shi ciwon hanta nau'in B da C, domin samun dalili ɗaya ba ya kore na biyu, kuma idan suka haɗu da barasa ɓarnar takan yi sauri.

Mara lafiya na biyu ya zo bayan wasu watanni, kuma shi ne ya sa na fahimci ƙarshen misalin hayaƙin nan. Dattijo ne da aka kawo da kumburin ciki da ƙafafu, fararen idanunsa sun rine, tafin hannunsa ja, damatsansa sun zube. AST da ALT ɗinsa sun ɗan haura ƙa'ida kaɗan, kuma ɗansa ya nuna mini tsofaffin takardu na shekaru da dama masu irin waɗannan lambobi, waɗanda iyalin suka riƙa ɗauka a matsayin shaidar cewa shan bai taɓa shi ba. Amma albumin ya faɗi, jininsa ba ya daskarewa da wuri, ƙwayoyin platilet masu taimaka wa jini daskarewa sun ragu saboda saifa ta kumbura tana riƙe su, hoton ciki kuma ya nuna hanta ta ƙanƙance ta yi gurje-gurje. Hanta ba ta da jijiyoyin jin zafi a cikin namanta, kuma tana iya ci gaba da aiki ko da an ɓata babban ɓangarenta, don haka tabo yakan yi shekaru yana taruwa ba tare da mutum ya ji komai ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu sha da yawa suna tara kitse a hanta, matakin da kan warware cikin makonni idan an daina, amma tsakanin kashi 10 zuwa 20 sukan kai ga wannan ƙanƙancewa, wadda galibi ba ta komawa baya. Duk da haka na gaya wa ɗan nasa gaskiyar da nake da yaƙini a kanta, cewa dainawa ko a wannan mataki tana tsawaita rai kuma tana rage haɗarin aman jini. Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin takardun, domin a cikinsu platilet ya daɗe yana sauka shekara bayan shekara, kuma da an haɗa shi da shekarunsa da AST da ALT a lissafin da ake kira FIB-4, da an tura shi auna taurin hanta tun da wuri.

Mutumin farko ya dawo bayan mako shida bai sha ba. AST ya sauko 38, ALT 35, GGT kuma 95, domin shi yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya ragu da rabi. Ya yi murna har ya riƙe hannuna da hannu biyu, kuma a wannan karon hannun ba ya rawa. Na taya shi murna, sannan na juya takardar na nuna masa albumin da platilet, na bayyana masa abin da kowanne yake nufi, na rubuta masa takardar auna taurin hanta, muka kuma sa ranar da zai fara ganin mai ba da shawara kan barin shaye-shaye.