Albashin Fasto

A unguwarmu ta Aboabo, nan Kumasi, ina da maƙwabci fasto wanda yake ɗinkin takalma a kasuwar Kejetia daga Litinin zuwa Asabar, ranar Lahadi kuma ya tsaya gaban ikilisiya da hannuwa duk kanta. Yakan ce sawun Manzo Bulus na Littafi Mai Tsarki yake bi, wanda ya riƙa ɗinka tanti a birnin Korinti don kada ya zama wa kowa nauyi. Sai dai Bulus ɗin ne ya rubuta a 1 Korintiyawa 9:14 cewa mai shelar bishara ya ci abinci daga bishara. A ganina ikilisiyar maƙwabcin nawa ta yi sakaci wajen ɗaukar nauyinsa, domin shekaranjiya da tsakar dare aka kira shi asibiti ya yi wa majinyaci addu'a, kuma ko kuɗin tasi daga aljihunsa ya fito.