Tono tsofaffin kaset: masu saye a waje, masu kiɗan a ƙauye

Shagona a Fagge yake, ɗaki ɗaya da rumfa, mu uku ne a ciki da ni da yarana biyu. Aikin da ke ciyar da mu kowa ya san shi: mutum ya kawo kaset ɗin bikin iyayensa ko tafsirin wani malami da ya rasu, mu juye masa a memori ko mu tura masa a waya. Ɗaya aikin ba kullum yake kawo kuɗi ba, amma shi ya hana ni rufe shagon lokacin da 'yan dawunlodin suka kwantar da kasuwar kaset. Muna neman tsofaffin kaɗe-kaɗen da ba a san masu su ba, mu gano mai kiɗan, mu gyara sautin, sannan mu haɗa iyalinsa da masu saye.

Masu sayen galibi daga waje suke, ƙananan kamfanonin faifai na Amurka da Jamus da Ingila, sai masu shirin rediyo na tsakar dare. Da wuya su tambayi Shata ko Ɗanƙwairo, domin ƙarfin waɗannan a zance yake, su kuwa ba sa jin Hausa. Abin da ke kawo su shi ne kiɗa mai juya kai, irin wanda suke kira saikedelik: zubi ɗaya ana ta maimaita shi har mai sauraro ya manta inda aka faro, tsirkiya tana ƙara kamar za ta tsinke, murya tana zuwa daga nesa. Kuma in an lura, kusan duk abin da ya burge su a nan yana da kaka a ƙauye.

Daga Nijar ƙofar ta buɗe. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya yi ta kwasar waƙoƙi daga memorin wayoyin mutane a arewacin Mali, ya fitar da wasunsu a faifai a 2011. A ciki akwai wani Ba'abzine ɗan jihar Tawa, Mdou Moctar, wanda jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Abin da da yawa ba su sani ba, a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, da irin na'urar lanƙwasa murya da fiyanon da mawaƙan fim ɗin Hausa ke amfani da su. Wato sautin da muke yi wa kallon na talla a tasha, shi ne ya fara kai sunansa ƙetare. Yau yana cika dakalin wasa a Turai da Amurka.

Sai Mamman Sani, wanda ya ɗauki kiɗansa na ogan ƙirar Italiya a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978. Kaset kaɗan aka buga. Shekara da shekaru 'yan Nijar suna jin sautin a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri, ba su damu da sanin mai shi ba, sai a 2013 aka sake buga shi a faifai. Turawa suka ce kamar daga wata duniya ya faɗo. Ni da na sa shi a shago, wani dattijo Bafillace da ya kawo gyaran kaset ya tsaya yana bin wani zubi da baki, domin da yawa daga cikin abin da Mamman Sani ya kaɗa waƙoƙin gargajiya ne na makiyaya ya ɗora a kan injin.

Wannan shi ne aikin da na fi so, bin sauti baya-baya. Jitar Agadas ta bazu ne a kaset ana juyawa hannu da hannu a shekarun tawayen Abzinawa, kafin sulhun 1995, amma bugunta ya girme ta nesa. A ƙarƙashinta akwai tende: turmi ne a rufe bakinsa da fatar akuya, ana jiƙa ta da ruwa, mata na tafi suna amshi, gefe ga ƙwarya an kife a ruwa ana dukanta. 'Yan matan Illighadad, wani ƙauye a Nijar, wato ƙungiyar Fatou Seidi Ghali, da suka fitar da faifansu na farko a 2016, gefe ɗaya jita suka sa, ɗaya gefen tende zalla, duk mai kunne zai ji inda ɗaya ta fito daga ɗaya. Kuma wannan ƙwaryar da ke kan ruwa ba baƙuwarmu ba ce. Wanda ya taɓa zama a gidan biki ana amada irin ta Barmani Choge ya san wannan dum ɗin da ke bugun ƙirji.

A ɓangarenmu kuwa, tushen irin wannan kiɗa yana wajen masu garaya da goge. Garaya tsirkiya biyu ce, ta mafarauta da 'yan bori, ana raka ta da buta ko caki. Goge tsirkiyarsa izgar doki ce, fatar guza a kan ƙwarya. Ba don a saurara a minti uku aka yi su ba. Mai garaya zai riƙe zubi ɗaya tun bayan isha har dare ya raba, yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan yadda ba za ka ce ga inda ya ƙara ba, sai dai ka ga ƙafarka ta sauya. Kowane iska da nasa taken, masu abin kuma sun san wanda ake kira tun daga bugun farko. Wannan kiɗan ya ƙetare Sahara tare da bayin da aka kai arewa: a Tunusiya masu stambeli, wato kiɗan borin can, har yau suna rera baitoci da ragowar kalmomin Hausa da Barbarci a ciki, Gnawa na Maroko, masu irin wannan kiɗa a can, su ma suna da wani rukunin waƙoƙi da suke dangantawa da Hausawa. Wasu daga cikin masu saye ta can suka biyo, daga bikin Gnawa na garin Essaouira a Maroko da aka fara a 1998, har tambaya ta kawo su Kano.

Abin takaici, tsofaffin ɗauka masu tsabta yawancinsu ba a hannunmu suke ba. David Ames ya ɗauki makaɗan ƙasar Zazzau a shekarun 1960, aka buga a faifai a Jamus. Namu da ya rage a gida, kaset ne da wani ya ɗora rikodarsa a kan tabarma a wajen wasa ya danna.

To irin waɗannan su yarona ke kwasowa daga kasuwannin ƙauye, a buhu, wani lokaci tare da tsofaffin takardu da kashin ɓera. Kaset in ya zo ba a sa shi a inji kai tsaye. Sai an kwance sukurorin nan biyar, a duba zaren ko ya yi fumfuna, a duba ɗan audugar da ke danna zare a kan hed, wato ƙarfen da ke karanta sautin, domin audugar ce ke fara faɗuwa. In kwanson ya lanƙwashe saboda zafi, mu mayar da zaren cikin kwanson wani kaset mai lafiya. A juya shi da biro daga farko zuwa ƙarshe don ya saki jiki. In ya tsinke a haɗa shi da siririn salatif ta bayansa. Sannan a goge hed da sifirit, a sa kunne, a riƙa murɗa ɗan sukurun gefen hed da sukundireba a hankali har sautin caki ya fito ras. Kowane kaset da nasa saitin, tunda kowace rikoda da irin karkatar da ta yi lokacin ɗauka. Wanda ya tsallake wannan, rabin kiɗan ya bari a cikin zare. Muna ajiye na asali a WAV, wato fayil ɗin da ba a matse sautinsa ba, MP3 na masu waya ne.

A nan ne nake yawan samun saɓani da masu saye. Wani ɓangare na baƙuntar da ke burge su ba mai kiɗa ne ya yi ta ba, batir ne. Rikoda in batirinta ya yi sanyi tana jan zare a hankali, in ka sa kaset ɗin a inji mai lafiya sai komai ya ƙara sauri, muryar ƙato ta koma ta yaro, garaya ta haura sama tana rawa. Ga lasifikar da aka ƙure har ta fashe, ga gurnanin janareto a ƙasa. Na taɓa tura wa wani mai kamfani ɗauka biyu na kiɗa ɗaya, gyararre da wanda ban taɓa ba, ya zaɓi na biyun ya ce ya fi ruhi. Ban hana shi jin daɗinsa ba, amma na ce in dai za a rubuta sunan mutum a jiki, to a fitar da muryar da Allah ya ba shi. Yadda nake gane saitin gaskiya, ina neman wurin da wani ya yi magana, sanƙira ko mai gaisuwa, in yi ta rage sauri har ya koma maganar babban mutum. Ƙarar lasifika kuwa ina barinta, domin a haka mutanen wurin suka ji shi a daren.

Gano mai kiɗa ya fi gyaran wuya. Jikin kaset sau da yawa ba komai sai "garaya" da biro, ko sunan wani wa'azi da aka goge aka ɗora kiɗa a kai. Sai mu zauna mu saurari waɗanda ake wasawa: sunan dagaci, sarkin dawa, wata magajiya, ranar da kasuwar garin ke ci. Karin harshe ma yana taimako, na Katsina daban, na Haɗeja daban, na Gobir daban. Da irin haka muka bi wani kaset mai ban mamaki har gidan mai shi. Ya rasu, muka tarar da uwargidansa da babban ɗansa. Na sa musu a waya, tsohuwa ta rufe fuska da mayafi, ta ce, "Ɗan nan, ina ka samo muryar Malam?" Na ce, "Inna, a buhu a kasuwa." Ɗan kuwa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Alhaji, mun gode, amma Baba ya ajiye garaya ya tuba kafin ya rasu, har Makka ya je. Ba ma so a ji shi a haka." Na bar wa tsohuwa kwafi a memori, na gaya wa mai saye babu. Ya ƙara kuɗi, na ce ba nawa ba ne. Wani gidan kuma murna suka yi, sharaɗinsu ɗaya, a rubuta sunan garinsu daidai.

Inda aka yarda, takarda muke yi da Hausa, a karanta a gaban mai unguwa da shaidu, a faɗi kason iyali da nawa na dillanci, da shekarun da kamfani zai riƙe kiɗan. Ina sa a ambaci 'yan amshi da mai buta in an san su, ko da kuɗin da zai kai gare su bai taka kara ya karya ba. Kada wani ya ɗauka arziki ake yi: faifan irin wannan kaɗan ake bugawa, kuɗin kan zo a makare, wani lokaci bayan shekara.

Yanzu abin da ya fi damuna kayan aiki ne. Bel ɗin roba na injinan nan ya yi wuya, sai dai in sayi matacciyar rikoda a Sabon Gari in cire na jikinta, hed mai kyau kuwa sai an yi odarsa daga waje. Buhunan da ke jiran juyi sun fi ƙarfin injina biyu, don haka na sa yara su fara ware waɗanda fumfuna ta kama, su za mu juye kafin damina ta sauka.