Mu masu bin sawun tafinta

Duk wanda ya leƙo shagonmu a unguwar Zariya, nan Maradi, sai ya miƙo mini wayar da ta lalace. Ba gyaran waya muke yi ba. Kwamfaila muke wa gwaji, wato tafintan da ke juya rubutun mai shirya manhaja zuwa umarnin da na'ura ke ganewa, irin su GCC da Clang. Ɓangarenmu shi ne lissafin vekta, inda na'ura ke ɗibar lambobi da yawa a umarni guda. AVX, wani tsarin irin waɗannan umarni da kamfanin Intel ya fitar a 2011, na da faɗin bit 256 (bit shi ne 0 ko 1 ɗin da na'ura ke lissafi da shi), yana cin lambobi masu ɗigo, irin su 2.5, guda takwas masu bit 32 lokaci ɗaya. NEON, takwaransa na wayoyin hannu, yana cin huɗu.

To idan lambobin 19 ne fa? A AVX, zagaye biyu ya kwashe 16, saura uku. A wannan ragowar kwamfaila ta fi yin tuntuɓe. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, awon gyaɗa yake yi da tiya, kuma bai taɓa ɗaure buhu ba sai ya duba abin da ya rage a tabarma. Ranar da na fara kama kuskure a lamba ta ƙarshe, bayan kwana uku ina karanta umarnin na'ura layi-layi a tsohuwar kwamfutar da na sayo Kano, shi ya faɗo mini a rai.

Masu ɗigon ma sun fi wuyar sha'ani. A ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda ta tsara yadda na'ura ke lissafinsu, lamba mai bit 32 idan ta kai 16777216, ka ƙara mata 1 sau biyu, ba za ta motsa ba. Amma ka fara haɗa ɗaya da ɗayan, sannan ka ƙara mata biyun, sai ka samu 16777218. Kwamfailar da ta sauya jerin tarawa don neman sauri ta sauya amsa ke nan. Shi ya sa kowane sakamako muke kwatanta shi da lissafin ɗai-ɗai, bit bayan bit, har da sifili mai ragi (-0) da 255 da ke komawa 0 a lamba mai bit 8 in an ƙara mata ɗaya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu karya farashi. Su gwada biyu da biyu, su ga huɗu, su ce aiki ya kammala. Wani kamfani ya bar mu ya bi araha, bayan wata biyu ya dawo da jimillar da ke bambanta tsakanin waya da kwamfuta. Na ce masa, Alhaji, kawo mu gani. Kafin la'asar yarana sun gano ta, a lambobi ukun ƙarshe take.